Iya Yakura Ta Mayar da Askarta

Kunya ce ta kusa halaka ni, ba ciwon ba. Wata biyu ina jin ɗan kumburi a gabana, gefen hagu, kamar ƙwayar gujiya, ba zafi ba ƙaiƙayi, sai na share shi. Da aka shiga roron wake ya tashi haiƙan. Ya kai girman ƙwan kaza, zama ya gagara, tafiya sai na ware ƙafa, ga zazzaɓi kowane yammaci.

Da maigidana ya tambaya, bakina ya ce ƙurji ne a cinya. To wa zai iya faɗin wurin? Shi kuma bawan Allah ya aika wa wansa Bukar, mai fatauci tsakanin Magariya da Kano. Aka kawo mini ƴar kwalba cike da ƙwayoyi farare ƙanana kamar gero, wai homiyofati, a sa biyar ƙarƙashin harshe safe da yamma. Zaƙi kam akwai. Kwana goma ina tsotsa, kwalba ta ƙare, kumburi yana ta ƙara girma. Ban ga laifin Bukar ba, maganin cinya aka ce ya sayo, ko da yake ban sani ba ko cinyar ma zai yi mata wani abu.

Surukata, Inna Hannatu, ba a yi mata ɓoyo. Da ta ga kwana uku ina cin tuwo a tsaye, ta ce, "Ke Ɗela, wannan ba cinya ba ce. Gishiri ne."

A ƙauyenmu duk abin da ya sami mace a wurin nan gishiri ake ce masa, maganinsa kuma ɗaya ne: ungozoma ta sa aska ta yanka daga ciki, jini ya zuba. Ina ni ina musu da uwar miji? Inna ta aika ƙauyen gaba a kira mai yankan, ta ɗora ruwa a wuta, ta kira mata biyu da za su danne ni.

Kafin ɗan aike ya dawo sai ga Iya Yakura, tsohuwar ungozomar ƙauyenmu, wadda babu wanda ya kira ta. A bakin rijiya ta ji labari. Gajeruwa ce, kullum goro a baki, maganarta kamar faɗa, kuma rabin ƙauyen nan a hannunta suka faɗo, har da maigidana. Ta kwance askarta daga tsumma ta ajiye a kan faifai, ta kori matan waje, ta wanke hannu. Ta duba, ta taɓa a hankali, ta tambaye ni tun yaushe, da ko fitsari yana fita daidai. Can sai ta naɗe askar ta cusa a lalita.

"Ba gishiri ba ne. Ruwa ne ya taru. A ɗaura amalanke, likita za mu."

Inna ta riƙe haɓa. "Haba Yakura! An tara mata, an dafa ruwa, ki mayar da aska a bushe? Me za a ce da ke?"

"A ce na tsufa, ai ba ƙarya aka yi ba. Ruwan da kika dafa a sirka shi, ta zauna ciki kafin a kamo bijimin amalanken."

Kabu-kabu ba na wanda ba ya iya zama ba ne. A kwance cikin amalanke na tafi likitar Yekuwa, ta gefe ɗaya bisa tabarma, kaina a cinyar Iya, tana yi wa maigidana tsawa duk ramin da ya shiga.

Sajfam ɗin da muka tarar, wato ungozomar asibiti, Saratou, ba ta yi ko mamaki ba. Ta ce a bakin wurin akwai wasu ƴan jakunkuna biyu masu fitar da danshi. In ƙofar ɗaya ta toshe sai ruwa ya taru, in cuta ta shiga ciki ya zama ƙurji mai zafi. Ba maita ba ce, ba laifin kowa ba. Ta yi mini allurar kashe zafi, ta ɗan tsaga kan kumburin kaɗai, abin da ya taru ya fita. Wallahi sai na ji kamar an sauke mini dutse. Iya tana tsaye a kanta, tana ta tambaya kamar ƴar lakwal a gaban malami, ba ta jin kunyar koyo a hannun sa'ar jikarta. A nan na san ban taɓa ganin mace irinta ba.

A hanyar dawowa maigidana yana gaba yana jan bijimin, sai na ce, "Iya, kin san Inna za ta ce can ma yanka aka yi."

"Ta faɗa. Yanka da yanka akwai bambanci."

Da muka wuce gonaki biyu, ta tofar da goron bakinta.

"Kin san Hidayata?"

Kowa ya san Hidaya, ƴarta, mai yoyon fitsari, wadda ke zaune a bayan ɗakinta, ba ta zuwa biki ba ta zuwa suna. Mu dai mun taso muna jin wai doguwar naƙuda ce.

"Ba naƙuda ba ce," in ji Iya. Ta ɗago hannunta na dama, wanda yake shafa kaina tun safe. "Wannan ne ya yi mata yankan gishiri. Shekara goma sha tara ke nan. Tun ranar, in na ji an ce gishiri, gudu nake in riga mai aska zuwa."

Na kama hannun na riƙe, ban sake shi ba har muka shiga gari.