Tukunyar da Auta Ta Jiƙa

Inna na kife tukunyar ke nan ta ji ƙarar ƙofar gida. Ta cafki ƙarfen dogarawarta mai ƙafa huɗu, ta ja jiki daga kicin zuwa ɗaki, taku goma sha bakwai, ta kwanta ta ja mayafi. Kafin Auta ta shigo da ledar magani har ta fara nishi.

Wata biyu ke nan da santsin banɗaki ya kayar da ita, ƙashin ƙugu ya karye, aka sa mata ƙarfe. Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta ɗauki hutu a wurin aiki ta taho jinya. Mai gashin ƙashi da ke zuwa duk Laraba ya ce ranar da Inna ta iya kai kanta kicin, Auta na iya komawa. Da Inna ta ji haka sai ta san inda za ta sa ƙafarta. Kwana goma ke nan tana iya tafiyar. In Auta ta fita sai ta zaga gidan, in ta dawo ta tarar da gurguwa.

Ba mugunta ba ce. Tun rasuwar maigidanta shekara shida, ba wanda ya ce mata sannu da safe sai ta waya. Yanzu kuwa akwai mai tari a ɗakin kusa, akwai wadda za a yi wa faɗa. Tsoron shirun nan take ji, fiye da tsoron sake faɗuwa.

Abin da ya ci ta hali ne, zanen dutse. Shekara talatin tana dafa abinci a makarantar kwana, ba ta taɓa barin tukunya a jiƙe ba. Auta kuwa 'yar a-bari-ya-jiƙu ce. Yau Inna ta leƙa ta ga tukunya cike da ruwa, maiƙo na yawo a kai, zuciyarta ta ƙi. Ta dirje ta har gindi, ta kife ta a kan ludayi don iska ta shiga, yadda ita kaɗai take yi.

Auta ta shiga kicin, ta daɗe ba motsi. Da ta fito ta miƙa wa Inna magani da ruwa, ta gyara mata matashi. Wayarta ta yi ƙara, ta fita tsakar gida, amma gidan ƙarami ne, Inna ta ji komai. Shugabar wurin aikinsu ce, wai in ba ta zo Litinin ba za a ba wani kujerarta. Auta ta yi ta ba da haƙuri, ta ce mahaifiyarta ko tsayuwa ba ta iya yi.

Ta dawo ta zauna a bakin gado tana matsa mata ƙafa.

"Kin ga tukunyar," in ji Inna.

"Na gani."

"To me ya sa kika yi wa matar nan ƙarya?"

"A gida na koya, Inna."

Suka yi dariya kaɗan, dariyar da ba ta kai ciki ba.

Da la'asar mai gashin ƙashi ya zo. Inna ta miƙe ba tare da an kama ta ba, ta je kicin ta dawo. Mutumin ya yi ta tafi, ya ce ai yanzu ba ta buƙatar kowa. Inna ta ce Allah Ya yi masa albarka.

Ranar Lahadi ta raka Auta har bakin ƙofa, tana mata faɗan ta riƙa cin abinci. Da motar ta tashi ta juyo, gidan ya yi mata faɗi. A kicin ta tarar da tukunyar da suka yi girkin rana, cike da ruwa, an bar ta ta jiƙu. Inna ta naɗe hannun riga, ta ɗauki soso. Ta daɗe tana kallon tukunyar. Sai ta ajiye soson, ta bar ta yadda Auta ta bar ta.