Littafin da ke Saman Kabad

Maigidana ba ya ƙin rubutuna, kar in yi masa sharri. Da ya ji ƙarar madannan kwamfuta zai kwashe yara ya yi waje da su yana cewa, "Shiru! Mamanku tana aiki." A gaban abokansa kuwa har wani hura hanci yake, wai shi mijin marubuciya.

Amma in ɗauki littafin wani in buɗe? Tab! "Tunda kin gama, ga maɓallin rigata ya cire." "Tunda zaune kike, riƙe min Auta." A wurinsa karatu zaman banza ne da takarda a hannu.

Na yi bayani har bakina ya gaji, cewa wanda ba ya karatu rubutunsa bushewa yake. Nawa ya bushe ƙarau. Jarumar labarina tana tsaye a bakin ƙofa tun bara, na rasa abin da zan sa a bakinta.

Sai na koma sata a cikin gidana. In jingina littafi a jikin allon kwamfuta, hannun hagu yana ta bubbuga madannai, idona yana kan shafi. Wallahi daɗi kamar in yi kuka.

Ranar da asirina ya tonu, shayi ya kawo min. Ya leƙo ta kafaɗata, ya zare littafin, ya ga allo cike da haruffan shirme.

"Au! Ni kika mayar ɗan raino, ke kina nan kina hutawa?"

"Aikin ke nan, Baban Auta."

"Rainin hankali dai!" Ya cilla littafin saman kabad, inda ya san hannuna ba ya kaiwa. "In kin gama naki, kya karanta na wasu."

Raina ya ɓaci. Na rufe kwamfuta, na lulluɓe ta da tsohon zane. Na bi maɓallan gidan kaf na ɗinke, har waɗanda ba su cire ba.

Shi ya fara gajiya da shirun madannan. Wata safiya ya tsaya a kaina yana sosa ƙeya.

"Wai ina sabon littafin naki ne? Mutane sun dame ni da tambaya."

Ko kai ban ɗaga daga kan allura ba.

"Yana saman kabad, inda ka jefa shi."