Motar da Aka Ja wa Birkin Hannu

Akawu ya jingina kafaɗarsa da bayan farar motar ya tura, ta gangara ba gardama. Ya tura ta gaba da ita, ita ma ta tafi. Ta ukun ce ta ce ba inda za ta.

A layin ofishinsu haka ake yi. Wanda ya makara ya ajiye motarsa a bayan ta wani, amma ya bar ta a firi, kada ya ja birkin hannu, don mai son fita ya ture ta. Kowa ya san wannan, ban da mai wannan jar motar.

Ita kuwa motar Akawu tana can ciki, ƙarƙashin bishiya, a wurin da ya samu tun farkon damina. Tun ranar bai sake motsa ta ba, don in ka fita, kafin ka waiwaya wani ya shige. Bas yake hawa ya zo aiki, da rana ya shiga motar ya ci abincinsa, ya goge mata ƙura. Yau kuma yayarsa ta bugo waya ta ce matarsa na naƙuda a gida, haihuwar fari, kuma abin ya zo da gardama.

"Ta wace ce wannan?" ya tambayi mai gadi.

"Ta wani baƙo ce. Ya ce yanzu zai fito."

"Tun yaushe?"

"Tun safe."

Tsoro ya kama Akawu sosai. Mai gadi ya kira mai faci da mai gyaran agogo da wasu 'yan dako. Suka kama gindin jar motar suna ɗagawa suna jijjigawa, tana matsawa kaɗan-kaɗan.

"Wannan ko dutse ya loda a ciki?" in ji mai faci.

"Ɗaga dai, baki ba ya ɗaukar mota," in ji mai gadi.

Da ƙyar hanya ta buɗe. Motar Akawu ta yi tari, ta yi tari, sannan ta tashi. Ya fito da hancinta titi, inda motoci suka yi cirko-cirko har iya ganin ido. Tuni wani mai baƙar mota ya kunna sigina, ya ɗora hancinsa a kan wurin.

Waya ta yi ƙara. Yayarsa ce.

"Kana ina?"

"Ga ni nan tafe, Yaya."

"To ka daina sauri. Maƙwabciya ta kawo mu asibiti a kan babur ɗin mijinta. Matarka ta sauka lafiya, mace aka samu. Tana ta tambayarka."

Akawu ya kifa goshinsa a kan sitiyari, hawaye suka zubo masa don murna. Mai baƙar mota ya danna hon.

Akawu ya leƙo ta taga. "An yi mini haihuwa!"

"Barka, Allah ya raya. To fita mana."

Akawu ya dubi titin. Babu abin da ya motsa tun ɗazu sai wata mai tallar ruwa. Ya sa ribas, ya koma ƙarƙashin bishiyarsa a hankali, ya kulle motar. Sannan ya cire takalman ofis ya riƙe a hannu, ya ratsa tsakanin motoci da gudu.