Haƙoran Orville Biyu

Orville Lindqvist, bakanike a garin Duluth, ƙato ne da ke ɗaga injin mota shi kaɗai, amma da ya ga allura sai ya nemi hanyar gudu. Ga haƙora biyu sun ruɓe, Likita Haugen ta ce dole a yi musu ciko, shi kuwa ya ce ban da allurar kashe zafi.

Matarsa Marlys ta shekara tara tana zaman natsuwa, irin wanda ake harɗe ƙafa a bi numfashi. Ƙaninta Duane kuwa bara ya koyo lallaɓa mutum da magana har ya shiga barcin da ba barci ba. Duk Lahadi wurin cin abinci sai sun yi musu.

"Yaya, naki da nawa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai," in ji Duane.

"Ni farkar da mutum nake, kai kwantar da shi kake. Ina haɗin?"

Orville ya dafe kunci ya ce, "To ga haƙora biyu. Kowa ya ɗauki ɗaya, ku bar ni in ci dankalina."

Marlys ce ta fara. Mako biyu tana koya masa: duk abin da ya zo, ya dube shi kawai, kada ya gudu. Ranar cikon ya bi umarni. Ya ji kukan injin, ya ji ƙaurin haƙori, ya ji zafin tun daga tushensa har ƙeya, babu abin da ya wuce shi. Ya fito rigarsa sharkaf da gumi.

"Ya aka yi?" in ji Marlys.

"Ban taɓa halartar abu kamar yadda na halarci wannan ba."

Bayan mako guda, ranar ciko na biyu, Duane ya ja kujera kusa da kan Orville, da izinin likita.

"Malam boka, in na ji zafi, kai ma za ka ji," in ji Orville.

Duane ya yi ƙasa da murya. Ga tafki, ga kwalekwale, ga sandar kamun kifi a hannu. Tun Orville na dariya a zuci har ya ji iska a fuskarsa. Injin likita ya koma kukan sauro can nesa. Sai igiya ta motsa. Kifi ne, kuma babba. Ya tattara ƙarfinsa ya fizga.

Da ya buɗe ido, tabarau ɗin likita na ƙasa, tiren kayan aiki ya kife, Duane na riƙe da hanci. Likita ta ƙarasa cikon, sannan ta roƙi Duane da kada ya sake tako mata asibiti.

A mota Marlys da Duane suka tsare shi ya yanke hukunci.

"Ba ɗaya ba ne," ya ce. "Naki, ina nan fiye da kima. Naka, ba na nan sam."

Kowannensu ya ce shi ya ci. Da suka kusa gida, Orville ya juyo ya harari Duane.

"Da ka bar ni minti ɗaya, da na fito da kifin nan. Ya kai tsawon hannuna."