Gayyar Barira

Shekara goma da 'yan kai bayan samun mulkin kai, masu awo suka zo daga Maraɗi suka yanka sabbin filaye a bayan garin Madarumfa, ta gefen hanyar da motoci ke bi zuwa iyaka. Suka kafa turakun siminti suka yi tafiyarsu. Mai gari ya raba wa magidanta bisa sharaɗi guda: duk wanda bai share nasa ba, ya fitar da kututture, ya zagaye shi da darni kafin ruwan shuka, za a karɓe a ba wani.

Inusa ya samu na bakin hanya, kuma ba wanda ya yi masa hassada a lokacin. Wurin duhuwa ce ta sabara da geza, ga ƙayar aduwa, ga marke biyu, sannan a tsakiya ga wata tsohuwar kirya da mutum biyu ba sa iya rungume ta. Da kaka ya fara sassabe, ya ci kusan rabin sabarar, sai zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Ya bar matarsa Barira da yara uku a gidan wansa, Alhaji Musa, mai kamiyo biyu, manyan motocin da ke jigilar gyaɗa da wake.

Sa'ad da Barira ta fita takaba, bazara ta riga ta yi nisa. Da yamma hadari kan leƙo daga gabas ya koma. Alhaji ya aika a kira ta zaure. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta gaishe shi.

"Batun filin nan ne," in ji shi. "Kin san sharaɗin mai gari. Gara in sa yarana su share, in gina mangaza in riƙa aje buhuna. In ɗiyan sun girma, a san yadda za a yi."

"Yaya, in aka share da sunanka, filin wa ya zama?"

"Ni da Inusa akwai bambanci ne?"

"Da yana raye babu."

Alhaji ya dube ta, ya gyara zaman hularsa. "Mi kika rasa a gidan nan? Ci ko sha?"

"Ban rasa komi ba, Allah ya saka. Amma marigayi ya nuna mini inda ɗakina zai zauna, da inda za a haƙa rijiya. Ni zan share."

"Da tsintsiya?"

Ta yi sallama ta koma ciki.

Ta fara da masu saran icce. Na farko ya ce ƙugunsa na ciwo. Na biyu ya ce gatarinsa na wurin maƙeri. Na uku, da yake ba shi da kwana-kwana, ya ce mata, "Barira, ni dako nike yi wa Alhaji ran kasuwa. In na sare miki kirya, wa zai ba ni buhu in ɗauka?" Nan ta gane cewa maganar ta riga ta zagaya gari. Alhaji bai hana kowa da baki ba, cewa kawai ya yi filin ƙanensa yana hannunsa, kuma kusan kowane gida a unguwar akwai mai ci daga motocinsa.

Aminiyarta Ɗelu, mai tuyar kifi a bakin tafki, ita ta kawo zancen gayya.

"Mutum guda yana jin tsoron a gan shi," in ji Ɗelu. "Amma gayya ta kowa da kowa ce. Wa zai kori mutum talatin?"

"In sun ƙi zuwa fa?"

"Sai mu ci tuwon mu biyu, mu yi ƙiba, a ce takaba ta karɓe ki."

Barira tana da 'yar gamana, gonar da mace kan noma don kanta, kuma hatsin da ta samu yana nan a rumbunta bai taɓu ba. Shi take ajiya don damina. Ta fitar da shi duka. Ta bi gida-gida ta sanar da gayya ran Laraba, kowa ya ce Allah ya kai mu. Ta je wurin Maman, tsohon makaɗin noma, wanda ya san taken kowane manomi a garin da na ubansa, shi ma ya ce zai zo.

Ran Laraba tun hantsi bai ɗaga ba aka jera akusan tuwo da ƙoren fura a inuwar kiryar, an rufe da faifai. Ɗelu ta kawo kifi don miya. Maman ya zo da gangarsa a rataye, ya zauna a kan saiwa. Rana ta tashi. Ba wanda ya zo.

Ba ɓoyewa suka yi ba. Suna can tsallaken hanya a rumfar da Alhaji ke tsayar da motocinsa, wasu na ɗinkin buhu, wasu na zaune kawai. Daga inda take tana iya gane kowa da rigarsa. Alhaji na tsakiyarsu bisa kujera, rediyonsa a cinya.

Maman ya gwada. Ya kaɗa taken Sule na Gabas, wanda a da in ya ji shi ko yana cin abinci sai ya tsame hannu. Sule ya sunkuyar da kai yana wasa da igiya. Ya kaɗa na Audu Gajere, Audu ya tashi ya zagaya bayan mota. Maman ya aje makaɗi a cinya.

"'Yar nan, a rufa asiri. A kai tuwon nan masallaci sadaka, a ce an ɗaga."

Barira ta kwance gyalenta ta ɗaure ƙugu da shi. Ta je inda ta jingine kayan mijinta, ta ɗauko gatari. Ƙotar ta yi sulɓi saboda riƙo.

"Baba Maman, kaɗa mini taken Inusa."

Tsohon ya dube ta. "Ba a yi. Mutum in ya kwanta dama, takensa ya kwanta da shi. Sai ranar da magajinsa ya ɗauki kayan aikinsa ya shiga fage."

"Magajinsa bai fi tsawon ƙotar nan ba. Wansa kuwa ga shi can yana sauraren labaran duniya. Kayan aikin ga su a hannuna. Mi ya rage?"

"Mace ce ke."

"Gangar ta faɗa maka haka, ko kai ke faɗi?"

Ɗelu ta kwashe da dariya, ta rufe baki. Maman ya daɗe yana kallon fatar gangarsa. Sannan ya miƙe, ya gyara ratayar, ya kaɗa.

Take ne gajere, bugu uku masu nauyi da ɗaya mai sauri, kamar mutum na tafiya da kaya yana sauri ya isa gida. Barira ba ta ji shi ba tun daminar da ta wuce. Ta matsa kusa da kiryar ta ɗaga gatari ta sara.

Kirya ba marke ba ce, shi ya sa maƙera ke son gawayinta. Gatarin ya yi tsalle ya dawo, zafin ya bi hannunta har kafaɗa, ɗan ɓawo kaɗan ya ɓalle. Ta sake sara. Ta sake. Ba ta iya ba, kowa ya ga ba ta iya ba: saran ba ya faɗawa wuri guda, yana hawa yana sauka. Maman ya buɗe murya yana kirari, "Na Barira, mai shiga da raɓa. Ba ka tambayi tsawon kunya ba, sai ka kai ƙarshenta."

A rumfa an kashe rediyo. Matan unguwa suka fara leƙowa ta saman darni, don sun ji taken mamaci da rana tsaka. Tafin Barira ya tashi ya fashe, ƙotar ta jiƙe, ta goge a zane ta ci gaba. Ba ta waiwayi rumfar ba ko sau ɗaya.

Wanda ya fara tsallako hanya shi ne Sule na Gabas. Tare suka yi kaciya da Inusa, tare suka yi noman gayya tun suna samari. Ya tsaya bayanta ya ce, "Kawo nan, kina ɓata wa mutum gatari."

"Ka zo da naka. Wannan yana da mai shi."

Sule ya tsaya jim, ya juya ya nufi gida da sauri. Kafin ya dawo, mutum huɗu sun riga sun tsallako sun buɗe akushi, wasu na biye da su har da Audu Gajere. Ɗelu na zuba musu miya tana cewa, "Ku ci a hankali, kowa ya ci ladan kuturu ya san saura."

Sai ga Alhaji ya taso da kansa. Ya tsaya nesa da ƙaya don kada ta kama masa riga. Bai yi wa Barira magana ba, Maman ya fuskanta.

"Kai da girmanka. Taken ƙanena kake kaɗa wa mace a bakin hanya? Tsayar da gangar nan."

Maman ya rage duka amma bai tsaya ba. "Alhaji, an ɗauki gatarinsa an shiga fage. In ka karɓa daga hannunta, kai zan kaɗa wa. Naka ma ban manta ba."

Wani ya yi tari don ɓoye dariya. Alhaji ya shekara da yawa bai riƙe fartanya ba. Ya juya ga Barira.

"Kin tara mini mutane, kin kunyata gidan da ke ciyar da ke. Ki aje ki wuce gida."

Ta sauke gatarin, ta dogara da shi tana haki. Ba ta ɗaga ido ta dube shi ba, don wan miji ne, amma muryarta ta kai rumfa.

"Yaya, ban zage ka ba, ba kuma zan zage ka ba. Kai ne uban ɗiyan nan. In ka sara tare da mu, filin marayu ka share, Allah ya ba ka lada. In ba za ka sara ba, ka ɗan matsa, nan kiryar za ta faɗo."

Ya dubi mazan ɗaya bayan ɗaya. "Duk wanda na gani nan, kada in gan shi gindin motata ran kasuwa."

Mutum uku suka wanke hannu suka bi shi, har da wanda loma ke bakinsa. Audu Gajere ya yi taku biyu ya tsaya, ya dawo yana cewa shi dai ya riga ya ci. Waɗanda suka rage ba su kai goma ba. Daga baya wasu masunta da suka fito daga tafki suka ji ganga suka shigo, su da ba ruwansu da buhun kowa.

Suka kasu. Wasu suka bi sabara da geza da adduna, mata na jan reshe suna tarawa gefe don darni. Marken biyu ba su yi gardama ba. Kiryar kuwa sai da ta cinye yinin. Sule da wani masunci suka sa ta tsakiya suna karɓa-karɓa, Barira na shiga tsakaninsu in ɗaya ya tsaya shan fura, hannuwanta naɗe da tsumma. Bayan la'asar aka ɗaura igiya a reshe, aka ja. Ta yi ƙara, ta yi kamar ta fasa, sannan ta kwanta ta cika rabin filin.

Saura kututture, kuma sharaɗin ya haɗa da shi. Maza suka haƙa kewaye suka datse saiwoyin da suka iya, suka ce sauran sai wuta. Wannan kuwa aikin da Barira ta sani ne. Ta tara busasshen kashin shanu da kara ta cusa a ramin, ta kunna, ta rufe da ƙasa ta bar 'yar kafa, yadda wutar za ta riƙa ci a hankali har ƙasa. Irin wutar nan ba a barin ta, in ta mutu an koma baya. Ta kafa rumfar zana kusa da ramin, ta kwaso tabarma da tukunya da yaranta.

Kwanaki wutar na ci. Maƙera suka zo suka yanyanka gangar jikin kiryar suka kwashe, suka bar mata rassa ta yi dirkokin darni. Sule da Audu ba su sami dako ba ran kasuwa, ta ji labari, ta aika musu da sauran waken da ya rage mata, Sule ya mayar.

Ranar da hadari ya haɗu sosai, dogarin mai gari ya zo zagayen filaye. Ya bi darnin da kallo, ya zo bakin ramin ya caka sandarsa. Ta nutse cikin toka har rabi. Ya ce zai shaida wa mai gari filin Inusa ya sharu, ya wuce na gaba.

Yana fita Ramatu, matar Alhaji, ta shigo da kwano a lulluɓe. Ta tsaya tana kallon rumfar zanar, da yara zaune a ƙasa, da sararin da iska ta fara kaɗawa.

"Ya ce tunda kin samu abin da kike so, ki kwaso ɗiyan ku dawo. Ruwan nan zai yi muku duka."

Barira ta karɓi kwanon da hannu biyu, ta yi godiya.

"Ki ce masa mun gode, za mu zo gaisuwa ran Juma'a. Kama mini bakin zanar nan, Yaya Ramatu, in ɗaure kafin ya sauko."

Ramatu ta waiwayi hanya, ta aje mayafinta a kan dirka, ta kama.