Mina Ba Makka Ba Ce

An saki Wada daga kurkuku a farkon Zulƙida, shekara ta 1964, bayan ya yi zaman da aka yanke masa saboda haƙorin wani abokin sana'arsa, Rabe, da ya cire da sandar dakon ruwa a bakin famfo. Sharaɗi biyu alƙali ya gindaya masa: kada ya fita Makka, kuma kowace safiya ya nuna fuskarsa ga umda, wato mai unguwar Misfala. In ya saɓa ɗaya, ya koma ciki. Kawunsa Sabo ne ya tsaya masa.

Wada ya yi godiya, don bai san inda ake zuwa ba in an fita Makka. Sai da aikin hajji ya matso ya tuna da Mina. Ruwan da yake sayar wa alhazai a tantuna cikin kwanakin nan shi ke ciyar da gidansa har wata shekara.

Shi da Sabo suka je neman izini wurin umda Abdulganiyyu, haifaffen Makka, wanda ba ya ɗauko Hausarsa sai zai hana mutum abu.

"Mina ba Makka ba ce," in ji umda.

"Allah ya ba ka nasara, a ƙafa fa muke zuwa," in ji Sabo.

"Misira ma a ƙafa kakana ya bi ta."

"To, an taɓa sakin mutum a hana shi cin abinci? Ai ko sharaɗi yana da iyaka."

"Wa ya hana shi ci, ya Sabo? Tafiya aka hana."

Suka garzaya kotu. Magatakarda ya ce lalle hukuma ba ta da ikon ɗora wa mutum abin da ba zai iya ba, wannan a Littafi yake. Amma ko Mina Makka ce, malamai sun yi saɓani, kuma alƙali zai duba bayan hajji.

"Bayan hajji wa zan sayar wa ruwa, Kawu? Duwatsu?"

"Rage murya. Da bakin nan ka fara wancan karon."

Ana gobe fita Mina, Wada ya je nuna fuska, ya tarar ana loda wa mota darduma da tukwane. Umda ma yana da tantunan haya a can.

"Ranka ya daɗe, gobe wa zan nuna wa fuska?"

"Ni."

"A ina?"

In Wada ya zauna, ya saɓa sharaɗi na biyu. In ya bi shi, ya saɓa na farko. Sabo, da ya rako Wada, ya soma murmushi, abin da bai kamata mai roƙo ya yi ba.

"Mai sauƙi ne," in ji umda daga ƙarshe. "Wanda ke hannun hukuma bai fita ko'ina ba. Zai tafi a hannuna. Ba zai wuce igiyar tantina ba."

"Garewanin ruwana fa?"

"Taho da su. Baƙina suna da yawa."

Haka Wada ya yi kwanakin Mina yana ɗebo ruwa daga tankin umda zuwa randunan umda, bisa doka, ba a biya shi ba, tunda tsararre ba ya ciniki. Daga bakin igiya yana hango Rabe, mai wawulon da shi ya yi masa, yana zagaya tantunan da a da nasa ne.