Ƙugi a Sifikar Falo

Maigidana mutum ne da in ya sayi abu sai kowa ya yaba, ko yana so ko ba ya so. Ranar da ya kawo kayan sautin nan, sifiku biyar da wata ƙatuwa mai kama da ƙaramin firji, ko abinci bai ci ba sai da ya gama jera su a falo. Ya zaunar da ni a tsakiyar kujera, ya ce in ji yadda jirgi ke wucewa ta bayan kaina. Na ji, na yaba, aka zauna lafiya.

Ba a jima ba ƙugin ya fara. Da rana in na gama aiki na kunna fim, sai in ji wani zuuu a ƙarƙashin maganar mutane, kamar ƙudan zuma ya maƙale a kwalba. Da yamma kuwa in maigidan ya dawo na ce zo ka ji, sai abin ya yi tsit.

"Maman Nunu, kunnenki ne ke neman mai gyara," in ji shi, yana dariya har da dukan cinya.

Ni kuma ba na son a ƙaryata ni a kan abin da na ji da kunnena. Wata rana bayan azahar, na kwantar da 'yarmu Nunu a ɗakinmu, na kira yayana a waya, don shi sana'arsa ke nan, haɗa kayan sauti a wuraren taro. Na kanga masa wayar a jikin sifika.

"Na ji shi," ya ce. "Ba ƙarya kike ba. Cire wayar eriya."

Na cire, yana nan. Ya sa na raba kayan da talabijin, na canja soket, na zare cajojin waya, na kashe firji. Ƙugin ko gezau.

"To kayan lafiyarsu lau. Wani abu ne a gidan yake ɓata layin wuta. Je ki akwatin wuta, ki bar makunnin falo, ki riƙa sauke sauran ɗaya bayan ɗaya. Wanda kika sauke ƙugin ya tsaya, shi ne mai laifi."

Akwatin yana bakin lungun da ya bi zuwa ɗakuna, daga nan ana jin falo sarai. Na sauke na kicin, na mayar. Na sauke na banɗaki, na ɗakinmu, na fitilun waje. Saura na ƙarshe, na ɗakin baya. Ina sauke shi falon ya yi shiru, shiru mai daɗi, har na yi murmushi ina shirya abin da zan gaya wa maigidan.

"Yaya, ya tsaya. Na ɗakin baya ne."

"Madalla. Me ke ciki?"

"Tarkace. Tsohuwar katifa, kwalaye, sai fankar sama."

"Ita ce. Tsohon makunnin fanka, mai murɗawar nan, haka yake yi. Amma sai in tana juyawa. Ki je ki kashe ta kawai."

Ɗakin nan a kulle yake tun da ƙanin maigidan ya tashi daga cikinsa. Makullin ma ya ɓace, har na sha faɗa a kansa. Da fankar mantawa aka yi da ita a kunne, da ƙugin bai riƙa zuwa yana tafiya ba. Yana zuwa ne bayan fitar maigidan, ya ɗauke in motarsa ta tsaya a ƙofar gida.

Daga ƙarshen lungun na jiyo fankar tana rage gudu, ƙiii, ƙiii, har ta tsaya. Sai aka taɓa makunni a cikin ɗakin, ƙas, ƙas, irin na mutumin da wuta ta ɗauke masa yana dubawa.

"Yaya," na ce ƙasa-ƙasa, "akwai mutum a ciki."

Ya ce a hankali, "Ina Nunu?"

Ɗakinmu bango ɗaya ne ya raba shi da ɗakin bayan, ƙofa kusa da ƙofa.

"Mayar da wutar yanzu," in ji Yaya. "Bari ya zaci ɗaukewa ta yi ta dawo. Muddin kina jin ƙugin, yana kwance. Kada ki yi gudu."

Na tura makunnin sama. Zuuu ya dawo falo. Abin da na yi makonni ina tsine wa, ranar shi nake roƙon Allah kada ya tsaya. Na cire takalmi, na bi lungun ina dafa bango. Ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin bayan iska na busowa a kan yatsun ƙafata. Na shiga ɗakinmu, na sunkuci Nunu da zanin da take kai. Ta motsa, ta buɗe baki, ta yi ɗan kukan nan na wanda aka katse wa barci.

Ƙugin ya tsaya.

Ba ni na taɓa komai ba. Na ji katifa ta yi ƙara, na ji makulli yana neman raminsa daga ciki. Maganar Yaya ta kada in yi gudu a nan na bar ta. Ban san yadda na wuce falo ba, sai ganina na yi a titi ba takalmi, ina dukan ƙofar mai shagon da ke kallon gidanmu.

Kafin maza su taru su shiga, mutumin ya fice. An yanke ƙarfen tagar baya, ana ɗagawa a mayar ba mai ganewa. Katifar na shimfiɗe da ɗuminta. Makullin da na sha faɗa a kansa yana jikin ƙofa ta ciki, ga kofin shayina da na yi ta nema a ajiye gefen filo. Maigidan ya tsaya yana kallon kofin, bai iya ɗaga ido ya dube ni ba.

An sa sabon ƙarfe, an canja makullin ƙofar. Maigidan ya kira mai gyaran wuta ya cire tsohuwar fankar don sautinsa ya fita tas, na tsaya a bakin ƙofa na ce ba mai taɓa ta. Yanzu in ya fita aiki nakan kunna sifikun, ba fim ba waƙa, in goya Nunu in shiga aikina ina saurare.